Sayen Tayar Motar Daji: Araha Ba Ta Ado

Zuwa ga Edita,

 A cikin takardun da suka iso mini kwanan nan akwai guda uku waɗanda tambayarsu ɗaya ce. Ta farko daga wani shugaban makaranta, ta biyu daga magatakardan wata ƙungiyar manoma, ta uku daga akawun wani asibitin ƙauye. Kowannensu yana da mota irin mai ja da ƙafa huɗu a hannunsa, tayoyinta sun suɗe, damina tana tafe, kuɗin da aka ware kuwa bai taka kara ya karya ba. Suna so in gaya musu wace taya za su saya wadda za ta shiga daji, ta kuma yi sauƙin kuɗi.

To, amsata a taƙaice ita ce wannan. Kuɗin taya na gaskiya shi ne abin da ka biya, a raba shi da nisan da ta kai ka lafiya. Wanda ya riƙe wannan lissafi, ya kuma san irin hanyar da motarsa ta fi bi, ba za a cuce shi a kasuwa ba. Sauran maganata duk bayanin wannan ne.

Bari mu fara da dalilin tsada. A shekarar 1888 ne wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, ya haɗa tayar da a ke hura wa iska domin keken ɗansa a birnin Belfast. A 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar irin saƙar taya da a ke kira radiyal, wadda kusan kowace mota ke kanta yau. A da muna da masana'antun taya manya guda biyu a Nijeriya, ta Michelin a Fatakwal da ta Dunlop a Ikeja. Ta farko ta daina aiki a 2007, ta biyu a 2008. Ga itacen roba nan yana fita a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, amma mafi yawan tayoyin da mu ke sawa daga waje a ke kawo su. Saboda haka duk ranar da dala ta ɗaga, taya ta ɗaga. Wannan ba ya hannun mai saye. Abin da ke hannunsa shi ne zaɓe da kula.

Ku tuna kuma, ya 'yan'uwa, komai ƙarfin inji, komai yawan giya, abin da ya haɗa mota da ƙasa wuri huɗu ne kawai, kowanne bai fi tafin hannu girma da yawa ba. Tun daga Jeep ta sojan Amurka ta 1941, da Land Rover ta 1948, har zuwa Land Cruiser da Hilux da suka cika ofisoshinmu, aikin ja da ƙafa huɗu shi ne ya aika da ƙarfi ga tayoyi. In tayoyin ba su kama ƙasa ba, sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya su huɗun.

Tayoyin irin waɗannan motoci iri uku ne, kuma sau da yawa za ka ga alamarsu a cikin sunan da aka rubuta a jikinsu.

Ta farko ita ce H/T, watau tayar kwalta. Zanenta ƙanana ne a matse. Ba ta ƙara, ba ta sa mota shan mai da yawa, tana kuma kama birki sosai a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Amma da ta shiga laka sai zanen ya cushe, ta koma sumul kamar ƙwarya.

Ta biyu ita ce A/T, tayar kowace hanya. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da irinta ta radiyal a 1976, yanzu kuwa da wuya ka sami kamfanin da ba ya yin tasa. Haƙoranta sun fi na tayar kwalta girma da zurfi, gefenta ya fi kauri. Tana yin kwalta, tana yin tsakuwa da marmara, tana yin rairayi, tana kuma taɓa laka in ba ta yi zurfi ba.

Ta uku ita ce M/T, tayar laka. Ita ce mai manyan haƙora warwatse, wadda ke zubar da laka tana juyawa. Ita ce kuma ta fi ɗaukar idon samari. Amma fa a kan kwalta tana kuka kamar jirgi, tana ƙara shan mai, ta fi saurin cinyewa, birkinta kuwa a ruwan sama bai kai na sauran biyun ba. A rairayi ma, in direba bai iya ba, haƙa ta ke yi, ta binne motar har ciki.

To, wacce za ka ɗauka? Zauna ka ƙidaya tafiye-tafiye goma na ƙarshe da motar ta yi. In takwas ko tara a kan kwalta ne, tsakanin Kano da Kaduna ko Jos da Bauci, to tayar kwalta ta ishe ka, ka kuwa tsira da kuɗinka. In rabi kwalta ne rabi hanyar ƙauye, kamar yadda aikin masu duba makarantu da masu allurar rigakafi da malaman gona ya ke, A/T ita ce taka. Haka nan mai bin rairayin arewacin Yobe wajen Yusufari da Machina. Amma wanda aikinsa ke cikin fadama, ko cikin baƙar ƙasar nan mai danƙo ta gabashin Barno wajen Dikwa da Ngala, wadda Barebari ke kira firgi, ko mai bin hanyoyin ƙauyukan tsaunin Mambila da damina, shi ne ya ke da hujjar sayen M/T. Ga masu takardun nan uku, da yawancin masu karatu, shawarata A/T ce.

Sai maganar rubutun da ke gefen taya. Mu da muka yi makaranta, abin kunya ne mu tsaya gaban mai shago ya karanta mana abin da ke gaban idonmu. Mu ɗauki wannan: 265/65 R17 112T. Lamba 265 faɗin taya ne da milimita. Lamba 65 tana nufin tsawon gefenta kashi 65 ne cikin 100 na faɗin. Harafin R shi ne radiyal. Lamba 17 girman ƙarfen da a ke ɗaura tayar a kai ne, da inci. Lamba 112 alamar nauyin da za ta iya ɗauka ce, watau kilo 1,120. Da 110 ce, da kilo 1,060 ke nan, 120 kuwa kilo 1,400. Harafin T yana nuna iyakar gudunta, kilomita 190 a sa'a. S 180 ne, Q kuwa 160. Ma'aunin da masu ƙera motar suka yanka yana nan a rubuce a wani ɗan allo, galibi jikin ginshiƙin ƙofar direba, tare da yawan iskar da za a sa. Kada ka sayi tayar da lambar nauyinta ta gaza wadda ke kan allon nan, ko da kyauta aka ba ka. Mun san yadda a ke loda wa a-kori-kura buhunan taki da mutane a ranar kasuwa.

Akwai kuma wasu haruffa masu amfani ga mai shiga daji. In ka ga LT a gaban lambobin, ko C a bayansu kamar 205 R16C, to tayar ɗaukar kaya ce, jikinta ya fi ƙarfi. Wani lokaci za ka ga 6PR, ko 8PR, ko 10PR. Wannan ma'aunin ƙarfi ne, ba ainihin yawan shimfiɗar zaren da ke ciki ba. A ƙasarmu abin da ya fi kashe taya a daji shi ne ƙayar bagaruwa da ta aduwa, da kututturen gona, da kaifin marmara, su kuwa ta gefe su kan shiga. Hujin da ke kan zane mai faci ya kan toshe shi a ci gaba da tafiya. Yankan gefe ba shi da faci mai aminci, tayar ta mutu ke nan. Don haka ƙarin kuɗin da za ka biya a kan 8PR ya fi kowane ƙari amfani. Iyakar aibinta, ta fi nauyi, in kuma motar ba kaya za ka ji ta da tauri.

Ina gargaɗi game da sha'awar ƙara girman taya. In ka cire 265/65 R17 ka sa 265/70 R17, tsayin tayar zai tashi daga milimita 776 zuwa 803. Abin da cikin motar ya ƙara nisa da ƙasa bai wuce milimita 13 ko 14 ba, faɗin ɗan yatsa ke nan. Agogon gudu kuwa zai riƙa rage maka lissafi, yana nuna 100 alhali kana kan 103. In aka wuce haka da yawa, taya ta kan goge jikin mota in an karya kwana, inji ya ƙara wahala, mai ya ƙara tafiya. Haka kuma masu sa ƙarfe mai inci 20 da siririyar taya domin ado, da sun faɗa rami ɗaya sai ƙarfen ya lanƙwashe. Ƙarfe mai inci 16 ko 17 da taya mai dogon gefe ya fi dacewa da hanyoyinmu. Wani abu kuma, ka zaɓi ma'aunin da kowa ke sawa, wanda in ta fashe maka a Mubi ko Gusau ko Fataskum za ka sami irinta a ranar, ba sai an aika Kano ba.

Yanzu ga shekarun taya. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, zafin rana kuwa yana gaggauta tsufanta. Nemi wurin da aka rubuta DOT a gefe, ka bi haruffan har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. In lambobi uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, ta dace da takalmi ko guga. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi cewa kada taya ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka yi ta. Kamfanin Michelin kuwa ya ce bayan shekara biyar a riƙa kai ta ga masani yana dubawa kowace shekara, in ta cika goma a cire ta ko da zanenta na nan. Ni dai a ganina, tayar da ta shekara biyu a shago kafin ka zo, ko a rage maka kuɗi sosai, ko ka nemi wata.

Wannan ya kawo mu ga babbar jarraba, watau tayar gwanjo, wadda wasu ke kira Beljiyam, wasu 'yar Kwatano. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su Nijeriya, amma ga su nan tuli a bakin kowace tasha. Ban zargi talakan da ya saya ba, gama rashi ne ya kai shi. Sai dai ina so ya san abin da ya ke saya. Sabuwar A/T zurfin zanenta ya kan kai milimita 10 ko fiye. A Ingila da ƙasashen Turai doka ta hana tafiya da taya in zanenta ya gaza milimita 1.6, akwai ma ɗan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna an kai wannan iyaka. Watau abin da za ka ci a sabuwa mai milimita 10 shi ne 8.4. Ta gwanjo mai milimita 5, saura 3.4 ke nan, kashi biyu cikin biyar. In an sayar maka da ita rabin kuɗin sabuwa, kai ne ka yi hasara tun ba ka bar shagon ba. A laka kuwa taya ta kan daina kamawa tun kafin ta kai wannan iyaka. Awon ba shi da wuya. Soka tsinken ashana cikin kwarin zanen, ka riƙe da farce, ka ɗora a kan rula.

Bayan wannan akwai abin da ido ba ya gani. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita ba iska ba. Wasu masu shigo da kaya su kan cusa taya uku ko huɗu cikin ɗaya don rage kuɗin jirgi, har sababbi ma, wannan kuwa yana lanƙwasa wayar bakin taya. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama irin waɗannan. Wasu kuma su kan sake yanka zane a kan suɗaɗɗiyar taya, su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. In tilas ta sa ka saya, sa a cire ta daga ƙarfe, ka duba cikinta da haske, ka shafa da hannu ko akwai faci ko ƙullutu, ka lanƙwasa gefen ka ga ko ya tsattsage.

Ga lissafin da na faɗa tun farko. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai na ɗauka don sauƙin rabawa, gama farashi yau daban gobe daban. A ce sabuwar taya mai matsakaicin kuɗi Naira 150,000 ce, ta yi kilomita 50,000. Kowace kilomita ta ci Naira 3. A ce ta gwanjo Naira 60,000 ce, ta yi kilomita 12,000. Kowace kilomita ta ci Naira 5. A ce mai tsada Naira 240,000 ce, ta yi kilomita 60,000, ta ci Naira 4. Tsakanin ta farko da ta gwanjo Naira 2 ce kawai, amma a taya huɗu, a kilomita 50,000, ta zama Naira 400,000. Ba a kuwa sa kuɗin faci ba, ba a sa kwanan daji ba, ba a sa ran mace mai naƙuda da motar asibiti ta tsaya da ita a hanya ba. Shi ya sa magabata suka ce araha ba ta ado.

Misalin nan ya kuma nuna mafi tsada ba lalle ita ce mafi riba ba. Kasuwa hawa uku ce. A sama akwai irin su Michelin da Bridgestone da BFGoodrich. A tsakiya akwai irin su Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu, da Maxxis ta Taiwan. Sa'an nan ga na ƙasar Sin kamar Triangle da Linglong da Sailun, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi. Motar da ke tafiya mai nisa kullum a kan hanya mai kyau ta kan fanshe kuɗin na sama. Motar da ba ta tafiya da yawa, wadda tayarta za ta tsufa kafin ta suɗe, ko wadda ƙaya za ta kashe tayarta kafin lokaci, sabuwa ta hawa na biyu ko na uku mai 8PR ta fi mata. Abin gudu shi ne tayar da ba wanda ya san sunanta, ba lambar shekara, ba rasit. Tambayi direbobin da ke bin hanyarka, su suka san wadda ta jure.

Akwai wata ƙa'ida ta musamman ga mota mai ja da ƙafa huɗu. Tayoyin nan huɗu su zama ma'auni ɗaya, iri ɗaya, cinyewarsu kuma kusan ɗaya. In na gaba sun fi na baya tsayi, juyawarsu ba za ta zo daidai ba, da an sa giyar ƙafa huɗu sai ƙarafan ciki su riƙa ja-in-ja da juna, gyaransu kuwa ya fi kuɗin taya nesa. In kuɗi bai kai huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a layi ɗaya, masu yin taya kuwa sun fi son sababbin su zauna a baya don kada bayan mota ya zame. Safaya ma ta zama ma'auninsu. Bayan kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya musu wuri. In ka ga gefe ɗaya na cinyewa ya bar ɗaya, kai motar a daidaita ƙafafunta kafin ka ɗaura sababbi, in ba haka ba su ma haka za su tafi.

Iska ita ce abincin taya. A auna ta da safe kafin a yi tafiya, bisa ga abin da ke kan allon ƙofa. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita za a bi ba. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa tana ɗaukar zafi, a kan kwaltar watan Afrilu kuwa ita ce ke fashewa. In ka yi tafiya ka ga iskar ta ƙaru, kada ka rage, in ta huce za ta koma daidai. Wuri ɗaya a ke rage iska da gangan, shi ne rairayi mai zurfi. Direbobin hamada na wajen Agadas sun daɗe da sanin wannan. A kan sauke ta zuwa kamar 18 ko 20 a geji, tayar ta shimfiɗu ta hau kan yashi. Amma sai a tafi a hankali, ba karya kwana da ƙarfi, a kuma mayar da iskar kafin a hau kwalta. Saboda haka geji da famfo da kayan toshe huji su zauna cikin motar kullum. Kuɗinsu duka bai kai na taya ɗaya ba.

A ƙarshe ina da roƙo ga 'yan'uwana akawuna, tun da ya ke yawancin motocin nan na ofis ne, mu ne kuwa ke rubuta takardar saye. Kada mu rubuta "taya huɗu" kawai mu sa hannu. Mu rubuta ma'auni, da iri, da lambar nauyi, da shekarar da ba mu yarda a gaza ta ba. In kaya sun iso, mu fita mu karanta gefensu da idonmu kafin a biya. Sa'an nan mu buɗe ɗan littafi ga kowace mota, mu shigar da sunan taya, da kuɗinta, da ranar da aka ɗaura ta, da abin da agogon nisa ya nuna a ranar, da ranar da aka cire ta. In aka shekara biyu ana haka, ofishin zai san tayar da ta fi riba a hanyarsa fiye da kowane mai shago, kuɗin jama'a kuma ya tafi inda aka nufa da shi.

Wanda ya riga ya yi irin wannan lissafi a wajen aikinsa, ina roƙonsa ya aiko wa Edita da abin da ya samu, domin sauran masu karatu su ƙaru. Allah ya kiyaye matafiya, ya sa mu ga damina lafiya, amin.

Ni ne naku,
Wani Akawu.